Jirgin dare ya kwantar da ni kwana biyu a Madina, ga shi zan raka Mama

Maman Hanifa (Unguwar Dosa):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka saba da tafiyar dare a jirgin sama nake nema. Bara na je Umara, karona na farko a jirgi mai nisa. Mun bar Kaduna da hantsi, muka isa Abuja, aka yi ta zaman jira a filin jirgi, ba mu tashi ba sai wajen sha ɗaya na dare. Muka sauka a wata ƙasa muka canza jirgi, sai washegari da azahar muka shiga Madina. Wallahi da zan sauka takalmina ƙin shiga ya yi, haka na take bayansa ina jan ƙafa. Ƙafafun sun yi suntum, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ga ciwon kai, ga wuya ya sanƙare, leɓe duk ya tsattsage. Kwana biyu ina kwance a masauki ina jin kiran salla daga Masallacin Annabi (SAW), 'yan ɗakinmu na fita suna barina. Har yau abin na tsaye min a rai.

To wata mai zuwa in sha Allahu zan raka Mama. Shekarunta 67, tana da suga, ga ciwon gwiwa. In ni da ƙuruciyata na sha haka, ita fa? Me ake yi?

Na Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ni dai jirgin ƙasa na sani, shi ma don a bayan gidanmu yake. Sauraro na zo yi, Allah ya kai mu inda ƙafa za ta kumbura.

Alhaji Mai Shadda:
Hajiya ai tafiyar taku wasan yara ce. Ni China nake zuwa sarin kaya, sau biyu ko uku a shekara. Abuja zuwa Addis Ababa awa huɗu da ɗoriya, a zauna jira, sannan a ɗauki wata awa goma zuwa Guangzhou. Dabarata ɗaya ce tun da na fara. Kujerar taga nake kamawa don kar kowa ya tashe ni, ana rufe ƙofa in haɗiye ƙwayar barci, in ja hula ta rufe ido. Ba na cin abincinsu, ba na shan ruwansu, saboda haka babu zancen banɗaki. Sai dai in ji taya ta daki ƙasa. Ki samar wa Mama rabin ƙwaya, kafin ta farka an iso.

Na Rigasa:
Alhaji a Kasuwar Barci shagonku yake ko? Lallai abin ya bi suna.

Anti Nas (Barnawa):
Ranka ya daɗe Alhaji, ka yi haƙuri, amma wannan shawarar kar Maman Hanifa ta ɗauka ko da wasa. Allah ne dai ke kiyaye ka. Kafin in ce komai, ƙanwata amsa min tambaya biyu. Daga fitarki gida har Madina, ruwa nawa kika sha? Sau nawa kika miƙe daga kujera?

Maman Hanifa:
Anti kin kama ni. Ruwa kam sai ɗan kofin da aka kawo da abinci, shi ma kurɓa na yi. Na yi alwala tun a Abuja ina tattalinta. Kuma gaskiya tsoron banɗakin nake, wata ta ce min in ka danna abin yana zuƙa da ƙara kamar zai tafi da mutum. Tashi kuwa ko sau ɗaya ban tashi ba a jirgin farko. A tsakiya aka sa ni, wani dattijo sa'an babana yana bakin hanya yana ta sharar barci. Da wane baki zan tashe shi in ce zan je bayi? Sai na daure.

Anti Nas:
To kin gani. Kunya da tattalin alwala ne suka kwantar da ke, jirgi ya samu a sama ne kawai. Sama da awa 24 babu ruwan kirki, ko a tsakar gidanku kika yi haka sai kanki ya sara.

Bari in yi zancen ƙafa da ɗan tsawo, don shi ne wanda ke iya kisa. Jini na sauka ƙafa a sauƙaƙe, komowarsa sama ce aiki. Naman sha-raɓa shi ne famfonsa, duk takun da kika yi yana matse jijiyoyi ya tura jinin sama. In kika zauna awa biyar gwiwa a lanƙwashe, bakin kujera na danne bayan cinya, famfo ya tsaya, ruwa ya taru a idon sawu. Kumburin ƙafa biyu irin naki yawanci ba abin tayar da hankali ba ne, da an ɗora ƙafa kan matashi an ɗan tattaka zai saɓe. Wanda muke tsoro shi ne jini ya daskare ya yi guda a jijiyar can ciki. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta, cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu, a jirgin sama ne ko mota ko jirgin ƙasa. Ba kowa ke samu ba, sun ƙiyasta mutum ɗaya cikin 6,000. Amma mai ciki, mai jego, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, wanda aka yi wa aiki kwanan nan, mai ciwon daji, mai ƙiba sosai da wanda ya taɓa samu, nasu lissafin daban ne. Tsufa ma na ƙarawa.

Alamarsa ƙafa ɗaya ce ke kumbura, sha-raɓa na ciwo, wurin ya yi ɗumi. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu sai numfashi ya riƙa sarƙewa, ƙirji na suka. Kuma ba lallai ranar sauka ba, yana iya bayyana bayan makonni, mutum ya dawo Kaduna har an gama zuwa masa barka da dawowa. Wanda ya ga haka asibiti kai tsaye. Kar a kira mai tausa, kar a shafa man zafi a yi ta mulmulawa, kuma a faɗa wa likita an yi doguwar tafiya.

Shi ya sa ƙwayar Alhaji ke ba ni tsoro. Barcin Allah da Annabi mutum na juyi, yana gyara ƙafa. Barcin ƙwaya kuwa sai a yi awa takwas kamar gungume. Tsohuwa kuma in ta farka da mayen maganin ta miƙe, jiri ya ɗebe ta, sai dai a ji tim.

Alhaji Mai Shadda:
Sista ban ƙi taki ba, amma shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan ko ciwon yatsa ban taɓa yi ba. Ku mutanen asibiti komai sai kun tsorata bawan Allah. Ni daga filin jirgi kasuwa nake nufa da kuɗin mutane a kaina. In ban yi barci ba wa zai yi min lissafin?

Injiniya (Malali):
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani, don gyaran jirage na yi kafin ritaya. Jirgi na tafiya ne a tsayin ƙafa 35,000 zuwa 40,000, inda mutum ba zai daɗe a hayyacinsa ba sai an matsa masa iska. Iskar da ake matsawa ciki ba ta kai ta ƙasa ba, daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Kaduna tana wajen mita 600, Jos wajen 1,200. Wato da zarar an lula, an ɗauke ka daga Kawo an ɗora ka inda ya kusa ninka Jos. Oksijin ɗin da ke jini na ɗan sauka. Lafiyayye ba abin da zai ji sai kasala da nauyin kai, amma mai ciwon zuciya ko huhu ya ga likita tun kafin ya biya kuɗin tikiti. Alhaji, filin Bole na Addis da kake jira a ciki ma ya haura mita 2,300, saboda haka saukar da kake yi can ba hutu jikinka ke samu ba.

Sai kuma iskar da ke cikin jiki, tana buɗewa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ku lura da ledar biskit da ba a fasa ba, a sama sai ta yi tam kamar balan-balan. Tumbi ma haka yake yi. Wanda ya cika shi da ɗanwake ko alale ya bi da lemon kwalba kafin tashi, shi da maƙwabtansa sun shiga uku. Gorar ruwa kuma ka sha rabi a sama ka rufe, da an sauka za ka gan ta a lotse. Abin da ke samun dodon kunne ke nan wajen sauka.

Bushewa ma akwai. Danshin iskar jirgi yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kamar tsakiyar hunturu. Sabbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 sun fi dama, matsin iskarsu na kusan mita 1,800 ne, da ɗan danshi kuma. Masu tunawa, da aka rufe filin Abuja mako shida a Maris ɗin 2017 don gyaran titin jirgi aka karkato da jirage nan Kaduna, 787 Ethiopian ta sauko da ita ranar farko. Na je kallo kamar ƙaramin yaro.

Na Rigasa:
Injiniya yanzu ɗanwaken ma laifi ya yi? To na fasa tafiyar.

Ummu Affan (Kinkinau):
Injiniya Allah ya saka da alheri. Zancen ƙarancin iskar nan ya taɓa ni, yarona mai sikila ne. Da za mu je Indiya likitansa ya zaunar da ni ya ce abu uku ke tayar masa da ciwo a hanya: sanyi, ƙishirwa da ƙarancin iska. Na ukun ba a hannuna yake ba, biyun na farko nawa ne. Sanyin jirgin dare ba wasa ba ne, bargon da suke rabawa da kaɗan ya fi mayafi kauri. Na sa masa suwaita biyu da safa da hular sanyi, ina ɗura masa ruwa a kai a kai, muka yi ta sintirin banɗaki har wata mata ta fara harararmu. Ban kula ta ba. Lafiya lau muka sauka, alhamdulillah.

Ƙanwarsa ce ma ta ba mu wuya wajen sauka. Tana mura a lokacin, kunne ya toshe, ta riƙa tsala ihu har na rasa inda zan sa kaina. Wata ma'aikaciyar jirgin ce ta duƙo ta ce in ba ta nono, haɗiya ce ke buɗe kunne. Nan take ta yi shiru. Manya kuma cingam ko alewa ko hamma. Kuma a tashi mutum kafin a fara sauka, mai barci ba ya haɗiyar yawu sosai. Alhaji a ji.

Malam (Tudun Wada):
Na ga an ambaci alwala shi ya sa na sa baki. Maman Hanifa, 'yata, a cikin jirgin kin yi barci?

Maman Hanifa:
Allah gafarta Malam na yi, har carbina ya faɗi ban sani ba, sai da safe na gan shi ƙarƙashin kujera.

Malam:
To alwalar da kika hana kanki ruwa dominta ta tafi tare da carbin. Barci mai nauyi yana warware alwala, kuma alamar da muka karanta tun a zaure ke nan, abu ya faɗi daga hannu ba a ji ba. Ga ƙishirwa ga babu alwala, an yi biyu babu. Sannan ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa ba a son mutum ya tsaya salla fitsari ko bayan gida na matsarsa. Matafiyi an yi masa rangwame, ya yi ƙasaru, ya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Jirgin sha ɗaya na dare, kin sallaci magariba da isha a masallacin filin jirgi, me ya rage? Asuba ce kaɗai, ita ce ba a haɗa ta da kowa. In gabas aka nufa alfijir na saurin ketowa, sai a sa ido ta taga ko a tambayi ma'aikata.

Alwalar jirgi wanki ɗaya-ɗaya ya wadatar, da ruwa kaɗan. A shiga da 'yar gora a matsayin buta. Abin da ba shi da kyau shi ne wanda wasunmu ke yi, a ɗaga ƙafa a cusa a wurin wanke hannu, a jiƙe ƙasa sharkaf, na baya ya shigo ya taka. Wannan cutar da musulmi ne da wanda ba musulmi ba.

Abu Sumayya (Hayin Banki):
Duk na ji, amma ni abin da bai kwanta min ba shi ne a ce mace ta riƙa kai da kawowa a tsakiyar jirgi cikin maza, tana tsallake mutane cikin dare. Kunyar da Maman Hanifa ta ji ai ba aibu ba ce, tarbiyya ce.

Anti Nas:
Malam Abu Sumayya, ba wanda ya ce kunya aibu ce. Amma kunyar da za ta sa mace ta riƙe fitsari awa shida ta dawo mana da ciwon mara, mu ke kwana a kanta a asibiti, ba kai ba. Maganinsa mai sauƙi ne, a zaɓi kujerar bakin hanya tun wajen yankan tikiti, ko a roƙi ma'aikatan su sauya mata kusa da mace. Dattijon nan ma da ta ce masa "Baba, a yi haƙuri", tashi zai yi, ƙila har ya gode mata, don shi ma ƙafarsa na buƙatar miƙewar.

Abu Sumayya:
In dai da sauya kujera, na yarda.

Hajiya Babba (jikarta ce ke rubutawa):
Kaka ta ce a gaida kowa da kowa. Ta ce a faɗa wa Maman Hanifa ba a fafe gora ranar tafiya. Ta je Makka sau huɗu, kuma a ganinta gajiyar daga gida ake ɗaukarta, jirgi ƙarasawa kawai yake yi. Mako guda ana yawon sallama da dangi, daren tafiya ana ɗaurin kaya da suyar dambun nama har ɗaya na dare, gida cike da 'yan rakiya da masu saƙon addu'a, asubar fari a kama hanyar Abuja. Kafin a ga jirgi da ido an yi kwana biyu ba barcin kirki. Ta ce a zuwanta na ƙarshe ta sa an gama ɗaurin kaya saura kwana uku, ta aika cewa duk mai sallama ya zo kafin nan, ranar jajibere ta rufe ƙofarta ta kwanta. An yi ta tsegumi wai Hajiya ta yi girman kai. Ita kuwa tana ajiye jaka a Madina ta wuce masallaci.

Ta ce kuma a sa takalmi mai faɗi wanda ya ɗan yi yawa, kar a sa sabo. A cire zobba tun a gida, don ta taɓa ganin wadda sai da aka yanke nata a yatsa. Zani kar a ɗaure shi tamau, doguwar riga ta fi. Da man kaɗanya a ɗan gwangwani saboda leɓe da bakin hanci.

Maman Hanifa:
Wallahi kamar Kaka tana gidanmu a daren. Biyu saura na kwanta, ina rubuta sunayen masu son jallabiya da bagaruwa. A gaishe ta da kyau, a ce na gode.

Ɗan Badarawa a Ingila:
Gaisuwa ga iyayena. Abin da Kaka ta faɗa na gani a jikina. Jirgin da nake biyowa daga Landan kwana yake a hanya, awa shida da 'yan mintoci, ya sauka Abuja da asuba. Babu wani bambancin lokaci, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu da namu ɗaya ne, sauran watannin awa ɗaya ce tsakani. Amma sai in sauka kamar an yi min dukan kawo wuƙa. Da na zauna na lissafa sai na ga dalili. Bayan tashi ana ɗaukar fiye da awa ɗaya ana rabon abinci fitilu a kunne, kafin sauka a sake kunnawa a kawo karin kumallo. Barcin da ya rage bai fi awa uku ba, shi ma a zaune.

Yanzu a filin jirgi nake cin abincina, ina shiga in rufe ido da ƙyalle, in toshe kunne, ba fim ba waya. Matashin wuyan nan kuma juya shi nake yi, kaurin ya dawo ƙarƙashin haɓa, don gaba kai ke faɗuwa in barci ya ɗauke ka. Tun daga nan wuyana ya huta.

Abin da nake so a ji dai shi ne na bayan sauka. Sau ɗaya na karɓi motar yayana a Abuja na ce zan tuƙo kaina gida, ina ɗokin tuwon Umma. Rana ta fito, na wuce Jere, ina jin kaina garau. Ban san lokacin da ido ya rufe ba, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta farkar da ni, mota ta sauka gefen titi. Na tsaya jikina na rawa. Daga ranar, ko dai a zo ɗaukata ko in bi jirgin ƙasa daga Idu in yi barcina har Rigasa.

Injiniya:
Allah ya tsare gaba, ɗana. Ƙari ɗaya ga masu barci: a ɗaura bel a saman bargo inda ma'aikata za su gani, ba sai sun tashe ka ba. Kuma a bar shi a ɗaure ko fitilar alamar ɗaura bel ta mutu. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa gargadar iska, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, waɗanda ba su ɗaura ba har rufin jirgin suka daka da kai.

Alhaji Mai Shadda:
Yaro ka sosa min inda ke ƙaiƙayi da zancen agogo. Gaskiya ɗaya ce, ni ma ba lafiya lau nake sauka ba. Guangzhou ta riga mu da awa bakwai. Bakwai na safe can, sha biyun dare ne a Kaduna. Kwana ukun farko ina tsaye gaban ɗan China yana danna kalkuleta ina gyangyaɗi, da dare kuma ido ƙyam har uku. Goro da shayi ke riƙe ni. Sai na fara daidaita kuma lokacin komowa ya yi.

Anti Nas:
Madalla da Alhaji ya fito fili. Jiki na da nasa agogon, kuma ba ya gyaruwa da gaggawa, kusan awa ɗaya yake matsawa a rana, zuwa gabas ma ya fi wuya a kan dawowa yamma. Awa bakwai kusan mako guda ke nan. Ƙwayarka ta sumar da kai a jirgi amma ba ta taɓa agogon ba. Hasken rana ke juya shi. Ka riƙa fita sarari daga hantsi zuwa la'asar, ka ci abinci a lokacinsu, in barcin rana ya ci ƙarfinka kar ya wuce rabin awa. Goro kuma ka tsayar da shi daga azahar, don rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kusan awa biyar.

Mama dai ba ta da wannan matsalar, Saudiyya awa biyu kawai ta riga mu. Ƙanwata ga abin da zan yi in uwata ce. Ku je wurin likitanta tun yanzu, ya duba sugan, ya faɗa muku yadda za a yi da lokacin magani, ya ba ku takarda. Duk magungunanta a jakar hannu. In allurar insulin take yi, ko kusa kar ta shiga babban akwati, sanyin ƙasan jirgi na iya lalata ta, ga akwati na iya yin nasa yawon. Ki riƙe dabino da biskit a kusa, don ba ki san lokacin da za a kawo abinci ba, sugan na iya faɗuwa. Ana iya neman abincin masu suga, da keken da za a tura ta a filin jirgi, amma a faɗa wa kamfanin saura aƙalla awa 48. Tafiyar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa a manyan filaye ta fi ƙarfin mai ciwon gwiwa.

Ruwa ba a wucewa da shi wurin bincike in ya haura mililita 100, sai ki riƙe gora babu komai ki cika bayan kun wuce binciken. Ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ita a bakin hanya, ke a tsakiya. Duk awa ɗaya ko biyu in tana farke ki miƙar da ita, amma ta fara zama a bakin kujera tana motsa ƙafa kafin ta tashi, don suma wajen miƙewa na cikin abin da aka fi samu a jirgi. A zaune ma ta riƙa ɗaga dunduniya tana saukewa kamar mai taka keken ɗinki. Kar a cusa jaka a gabanta ta hana ƙafa miƙewa.

Akwai safa mai matse ƙafa zuwa ƙasan gwiwa, tana rage kumburi da haɗarin gudan jini sosai. Aunawa ake yi, ba a saye da ka. Sai dai mai suga sai likita ya duba ƙafarta tukuna, in jini ba ya gudu da kyau ko ƙafar ba ta jin taɓi, safar na iya yi mata illa.

Baban Khalifa (Kabala):
Tambaya biyu. Wani ya ce min a sha asfirin kafin tashi yana tsinka jini. Sannan Malam, ni Jidda zan sauka kai tsaye da harami a jikina, ya zancen safar?

Anti Nas:
Asfirin ba a ba da shi don tafiya kawai, mai olsa ma yana iya jawo masa zubar jini. Wanda haɗarinsa ya yi yawa likita ke rubuta masa abin da ya dace.

Malam:
Mace da safarta take harami, babu komai. Namiji ba ya sa safa ba ya rufe kai da zarar ya yi niyya. Sai dai niyyar a miƙati take, kuma miƙati na kusa da sauka ne. Ka sa safarka tun daga Abuja, ka lulluɓa da bargo, in an sanar an kusa miƙati ka cire ka yi niyya. Wanda likita ya ce lallai ba zai cire ba, ya sa ya yi fidiya kamar yadda aya ta 196 ta Baƙara ta nuna, hadisi kuma ya fayyace: azumi uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yankan akuya. Masu fara sauka Madina kuwa ba su da wannan damuwar sai sun zo Zul Hulaifa.

Alhaji Mai Shadda:
Ruwa da tashi na ɗauka, safar ma zan nema. Amma kujerar taga da 'yar ƙwayata, Sista, a bar ni da su.

Anti Nas:
Alhaji taga da tashi ba sa haɗuwa, sai ka zaɓi ɗaya. Ƙwayar kuma ka kai wa likita ya ga ko wace iri ce.

Maman Hanifa:
Jama'a Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Mama duka tun daga farko. Ta yi dariyar carbina har da hawaye. Ruwa ta yarda, rufe ƙofa ranar jajibere ta ce sai ta yi tunani saboda ƙannenta na Zariya. Na auna mata ƙafa da tef ɗin tela, ranar Litinin za mu ga likita. Amma keke ta ce ba da ita ba, wai da ƙafarta za ta je wa Annabi, ba za a tura ta kamar buhun masara ba.

Hajiya Babba (jikarta ce ke rubutawa):
Kaka ta ce ita ma haka ta faɗa a zuwanta na uku, sai da ta zauna dirshan a tsakiyar filin jirgi jikoki na mata fifita da fasfo. Ta ce ki kawo mata Maman taki gida bayan la'asar, su biyu za su yi maganar.